Baƙar Honda da saƙar gizo-gizo a jikin fenti: abin da aka iya a gida da abin da sai ƙwararre

Satumba 2023: yadda motar ta zo

Motar Honda Accord ce ƙirar 2013, baƙa, 'yar Kwatano. Mai ita ma'aikaci ne mazaunin Hotoro, kullum yana zuwa aiki wajen Bompai. Ya saye ta a ƙarshen damina, fentinta na sheƙi, ba lotsawa. Lambar fentin ita ce NH-731P, wato baƙi mai ɗan ƙyalli a ciki. Masu aikin goge fenti sun san baƙin Honda na waɗannan shekaru da laushi: da wuri yake karɓar gyara, da wuri kuma yake kwarzanewa.

Duk abin da ya biyo baya a kan kaurin fenti ya rataya, saboda haka sai a fara da shi. Fentin kamfani hawa huɗu ne. A ƙasa akwai maganin tsatsa da ke manne da ƙarfe, sai firaima, sai launi, sai wani ruwa garai-garai kamar gilashi a saman su duka, wanda masu fenti ke kira kiliya. Idan aka haɗa hawa huɗun, kaurinsu yakan kama daga maikiron 100 zuwa 150 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kusan kaurin takardar A4 ɗaya ko ɗaya da rabi. Rabon kiliya a ciki maikiron 35 ne zuwa 50, bai kai kaurin silin gashi ba. Ita ke ba da sheƙi, ita ke tare wa launi zafin rana, kuma abin da aka kankare daga jikinta ba ya dawowa sai dai a sake fesawa.

Nuwamba 2023 zuwa Janairu 2024: hunturu

Daga tsakiyar Nuwamba iska ta fara sauke ƙura. Motar tana kwana a tsakar gida, ƙarƙashin rumfar kwano marar bango, kowace safiya a same ta ta yi futu-futu. Maigadin gidan, don kyautatawa, yakan share ta da busasshen tsumma kafin maigida ya fito. Tsumman tsohuwar riga ce da ke rataye a ƙusa. Sau biyu a mako kuma ana kai ta wajen masu wanki na bakin titi. A watsa mata ruwa kaɗan, a kaɗa omo a bokiti ɗaya, soson da ya wanke taya shi zai hau bonet, sannan a tsane ta da tawul ɗin da ya riga ya tsane motoci da dama.

Ƙurar hunturu a ido kamar gari take. Iska ke ɗebo ta daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, kuma cike take da ɓarɓashin yashi mai taurin da zai iya karce gilashi, balle kiliya. Duk lokacin da aka ɗora busasshen tsumma a kanta aka ja, samfefa aka goga wa motar. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu an yi irin wannan shara kusan sau 75, an yi wankin bokiti ɗaya kusan sau 20.

A cikin Janairu mai motar ya fara lura. Da rana tsaka, ko da daddare ƙarƙashin fitilun gidan mai, sai ya ga siraran zane sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo, baƙin kuma ya koma toka-toka. Mutane da yawa suna ɗauka gogewa a zagaye ce ke kawo wannan. Karcen kansu a miƙe suke, sun bi kowace fuska. Haske guda, kamar rana ko ƙwan fitila, yana haska gefen waɗanda suka gitta shi ne kawai, sai ido ya haɗa su ya ga da'ira. Canza yadda hannu ke tafiya ba ya hana su matuƙar akwai yashi a tsumma.

Akwai kuma wani dogon karce ɗaya, kamar taƙi biyu, a ƙofar baya ta hagu, inda adaidaita sahu ya goge ta a cunkoso. Wannan daban yake da sauran, kuma gwaji biyu ke nuna bambancin. Idan aka jiƙa wurin da ruwa, saƙar gizo-gizon takan ɓace har sai ya bushe, alamar a cikin kiliya ta tsaya. Karcen adaidaita bai ɓace ba, farce yana maƙalewa a cikinsa, ana kuma hango toka-tokar firaima a ƙasa.

Fabrairu 2024: waks na gwangwani

Abin da mai motar ya fara gwadawa shi ne waks. Ya sayo gwangwani ɗaya a Sabon Gari, ya shafa da yamma bayan wanki, ya bar shi ya yi fari, ya goge. Motar ta yi baƙi wuluk, saƙar ta ragu sosai. Bayan wanki uku da omo komai ya dawo yadda yake.

Waks ba ya kankare komai. Cike ƙananan ramukan yake na ɗan lokaci, sai haske ya daina karyewa a bakinsu. Omo kuwa an yi shi ne don cire maiƙo, shi ya sa yake tafiya da waks ɗin cikin 'yan kwanaki. A wannan mataki ba a yi asarar kiliya ba.

16 ga Maris 2024: kamfawun da hannu

Kwana biyar da fara azumi, ranar Asabar, ya karɓo kamfawun mai kaushi, wato man goge fenti mai cin kiliya, daga wajen wani mai fenti. Irin wannan kamfawun an yi shi ne don share sawun samfefa mai lamba 1500 zuwa 2000 bayan an yi sabon feshi, kuma da inji ake aiki da shi. Ya lakato da tsumma, ya fara murza tsakiyar bonet wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, motar tana fili.

Baƙin fenti a ranar bazarar Kano yakan haura digiri 70 na zafi. Kamfawun ɗin ya bushe nan take, ya dunƙule, ya riƙa jan kansa a kan fentin. Yatsu kuma ba sa danna wuri daidai: inda kan yatsa ya sauka ya fi ci, tsakaninsu ya rage. Bayan minti arba'in ya tsaya. An sami wani fili mai faɗin babban faranti wanda tsohuwar saƙar ta tafi daga cikinsa, amma ya yi dishi-dishi kamar an hura masa hayaƙi, da layuka huɗu na sawun yatsu.

A nan ya kamata a fahimci yadda goge fenti ke aiki. Ba a cire karce daga cikin kiliya. Kiliyar da ke kewaye da shi ake saukewa har ta zo daidai da ƙasan ramin. Kamfawun mai kaushi yana sauke ta da sauri, amma yana barin nasa karcen, waɗanda sai an bi su da folish mai laushi kafin sheƙi ya dawo. Shi ya yi rabin farko ne kawai, a wuri mai zafi, da matsi marar daidaito. Aikin hannu yana da inda ya dace, kamar lungun da ke bayan mariƙin ƙofa inda farce ke karcewa, da folish mai laushi da ɗan soso. Bonet guda ya fi ƙarfinsa.

6 ga Afrilu 2024: mai inji na bakin hanya

Saura kwana huɗu Ƙaramar Sallah, tabon bonet ɗin yana damunsa, sai aka nuna masa wani mai bofin, wato mai goge fenti da inji, kusa da garejin masu gyaran jikin mota. An yi ciniki a tsaye, aka gama motar gaba ɗaya cikin awa ɗaya da rabi.

Injin irin mai juyi ɗaya ne, wanda ake kira rotari. A hannun wanda ya iya, inji ne mai kyau, kuma yawancin aiki ana yin sa ne tsakanin juyi 1,000 zuwa 1,800 a minti. A ranar an ƙure shi ne, kusan juyi 3,000, da faifan gashin tumaki wanda tsohon kamfawun ya daskare a jikinsa. Akwai ma masu ɗaura irin wannan faifai a kan giranda, wadda ke juyi 8,000 zuwa 11,000, kuma wannan bai kamata ya kusanci fenti ba ko kaɗan. An yi aikin a fili, ba a cire ƙurar da ta manne a jiki ba, ba a rufe robobi da gefuna da salatif ba, ana kuma karkata injin yana ci da baki ɗaya don a yi sauri. Da aka gama aka shafe ta da wani mai mai sheƙi.

Ta yi kyau ranar idi. Wanki biyu bayan nan, man ya tafi, abubuwa uku suka fito. Duk jikin motar ya cika da wasu inuwoyi masu kama da wutsiya, waɗanda ke motsi idan mutum ya zagaya ta a rana: sawun rotari ne da ba a bi da folish ba. Busasshen kamfawun ya yi fari a ramukan tambari da bakin robobin gilashi. Sannan a gefen murfin but, daidai inda ƙarfen ya lanƙwasa, wani wuri mai tsawon yatsa ya mutu, ba sheƙi sam. Da aka goga masa farin ƙyalle da ɗan folish, ƙyallen ya ɗauko baƙi. Kiliya ba ta da launi, saboda haka baƙi a ƙyalle yana nufin an huda ta an isa launi. Fenti ya fi siranta a gefuna da ƙusurwoyi, kuma a nan duk nauyin inji ke taruwa a kan ɗan siririn layi.

11 ga Mayu 2024: awo kafin a taɓa

Wuri na gaba shago ne rufaffe a yankin Titin Gidan Zoo, mai fitilu a bango da sama. Ranar farko mai shagon bai kunna injin gogewa ba sai can da yamma. Ya fara da wanki, sannan ya goge jikin da sinadarin IPA, wani nau'in sifirit, kashi ɗaya cikin ruwa kashi huɗu, don ya kwashe ragowar mai da waks, ainihin fuskar fentin ta bayyana. Daga nan ya ɗauko na'urar auna kaurin fenti, ya bi kowane ɓangare wuri tara zuwa goma sha biyu, yana rubutawa.

Rufin sama ya ba da maikiron 114 zuwa 122, domin mai bofin bai daɗe a can ba. Ƙofofi uku da fendoji sun ba da 106 zuwa 115. Bonet ya ba da 94 zuwa 102, amma tsakiyarsa, inda aka murza da hannu sannan rotari ya sake bi, ya sauka zuwa 83. Ƙofar baya ta dama ta ba da 290 zuwa 340, wani wurin ma ya haura 600, wato an taɓa yi mata fila (cikon lotsawa) da sabon fenti tun kafin ta shigo ƙasar, abin da mai motar bai sani ba. Bamba roba ce, irin wannan na'ura ba ta karanta ta.

Na'urar jimillar hawa huɗun take faɗa, ba ta ware kiliya. Dabarar da ake yi ita ce a auna cikin bakin ƙofa, inda kamfani ke fesa kiliya kaɗan ƙwarai. A wannan mota wurin ya ba da kusan 70. Idan aka cire 70 daga abin da waje ya nuna, sai a sami kimanin kiliyar da ta rage: kusan 45 zuwa 50 a rufi, 25 zuwa 30 a bonet, ƙasa da 15 a tsakiyar tabon. Ƙiyasi ne, amma ya isa a yanke shawara da shi. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce kada a cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kiliya a tsawon rayuwar mota, domin idan ta yi siriri ba ta iya jure rana. Sai ta fara fari, ta tsage, ta ɓare. Duk wanda ya duba rufi da bonet na tsofaffin motoci a titunan Kano ya ga yadda hakan ke ƙarewa.

Abin da mai shagon ya gaya wa mai motar shi ne: "Alhaji, bonet ɗin nan ba zan kore masa karce duka ba. In na bi su har ƙasa za ka ji daɗi yau, amma ranar garin nan ba za ta bar shi ba. Murfin but kuma ba aikina ba ne, sai mai fenti."

Sannan ya yi gwaji a rufi. Ya kewaye wuri mai faɗin santimita 40 da tsawon 40 da salatif, ya fara da abu mafi sauƙi: folish mai laushi da soso mai laushi a kan injin DA. Shi wannan inji faifansa yana juyawa yana kuma karkaɗawa a lokaci guda, don haka ba ya tara zafi a wuri ɗaya, ba ya kuma barin wutsiyar rotari. Gwajin farko ya kwashe sawun rotari da yawancin saƙar, ya bar masu ɗan zurfi. Na biyu, da soso matsakaici da folish matsakaici, ya kwashe kusan duka, na'ura ta nuna an ci maikiron 3. Ya tsaya a nan, bai gwada kamfawun ba.

Kuɗin gyaran motar gaba ɗaya, haɗe da feshin murfin but, ya fi abin da mai motar ya tanada. Sai aka raba aikin bisa haɗari. Mai shagon ya ɗauki bonet, rufi, fendojin gaba biyu, bamba biyu da ƙofar da aka taɓa sake wa fenti, domin sabon feshi ba a san kaurin kiliyarsa ba kuma roba tana riƙe zafi. Ya gama su cikin awa tara a kwana biyu. Bonet folish mai laushi kaɗai ya samu, zagaye ɗaya, tsakiyarsa kuma sau biyu kawai injin ya ratsa ba dannawa. Dishin ya tafi, wasu karce sun rage, an bar su da gangan. Murfin but ya tafi wajen mai fenti, da sharaɗin kada a shafa masa waks sai bayan wata guda aƙalla, don sabon fenti ya gama fitar da tina. Ƙofofi uku da ɓangarorin baya biyu, masu fentin kamfani da isasshiyar kiliya, aka bar wa mai motar, aka rubuta masa haɗin soso da folish ɗin da gwaji ya tabbatar.

22 da 29 ga Yuni, 6 ga Yuli 2024: aikin gida

An jira damina ta sauka, ƙura ta kwanta. Kayan da mai motar ya tanada su ne injin DA mai faifan inci 5, soso matsakaici huɗu, folish matsakaici kwalba ɗaya, tawul ɗin maikirofaiba takwas, yumɓun goge fenti, salatif na takarda, IPA da tocila mai haske fari. Injin yana cin wutar da ƙaramin janareta ba ya ɗauka, sai da aka kunna babban na gida. Ya riƙa farawa bayan sallar asuba ya tsaya kafin ƙarfe goma, a ƙarƙashin rumfa, bayan ya yayyafa wa ƙasa ruwa don kada iska ta taso da yashi.

Tsarin kowace ƙofa ɗaya ne. A wanke ta, a bi ta da yumɓu a kan ruwan sabulun mota har tafin hannu ya ji ta sumul, domin duk ƙwayar da ta rage soso zai ɗauke ta ya zagaya da ita. A busar, a rufe robobi da mariƙi da gefuna da salatif. A ɗiga folish huɗu a soso, kowane ɗigo kamar ƙwayar wake. A dangwala shi a wuri mai faɗin santimita 40 zuwa 50, a baza da gudun inji a lamba 1 ko 2, sannan a ɗaga zuwa 4 ko 5. Injin yana tafiya a hankali, kamar santimita 2 zuwa 3 a daƙiƙa, kowane layi yana hawa rabin na bayansa, sau huɗu a kwance da tsaye. Soso ya kwanta daidai, ba a kunna inji ko kashe shi sai yana kan fenti. A goge da tawul, a fesa IPA, a haska tocila daga gefe.

Asabar ta farko ƙofa ɗaya ta cinye masa awa huɗu, kuma sakamakon bai kai na rufi ba. Dalilai biyu aka gano. Na farko, yana zuba folish da yawa, soson ya jiƙe ya toshe, ya koma shafawa maimakon ci. Maganinsa shi ne a rage ɗigo zuwa uku bayan zagayen farko, a kankare soso da buroshi bayan kowane wuri, a canza shi idan ya yi nauyi. Na biyu, a inda ƙofar ta lanƙwasa faifan yana daina juyawa, karkaɗawa kawai yake, shi kuma bai lura ba saboda ƙarar ba ta canzawa. Da ya ja layi da alƙalamin maka a bayan faifan, sai ya riƙa ganin lokacin da ya tsaya, ya sassauta matsi ya gyara kwanciyar injin. Wannan tsayawar ita ce ke sa DA ya zama mai sauƙin haɗari ga sabon hannu, ita ce kuma ke sa aikinsa ya yi jinkiri.

Asabar ta biyu soso ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ya kaɗe shi ya mayar. Ƙwayar yashi ɗaya ta bar ƙananan zane masu lanƙwasa kamar wutsiyar alade a faɗin tafin hannu, sai da ya sake bin wurin da sabon soso. Daga ranar duk abin da ya taɓa ƙasa, soso ko tawul ko yumɓu, ya fita daga aiki. Soso da tawul a wanke, yumɓu a jefar.

Jimillar aikin gida awa goma sha ɗaya ce a kan ɓangarori biyar. Da aka mayar da motar shago aka sake aunawa, kowane ɓangare ya rasa maikiron 2 zuwa 4. A rana, ba a iya bambanta ƙofar da ya yi da fendar da mai shago ya yi sai an sunkuya da tocila, inda ake ganin ɗan abin da ya rage kusa da gefuna, wuraren da ya ji tsoron matsawa. Karcen adaidaita bai tafi ba. An cike shi da fenti mai lambar motar da siririn buroshi, ya daina fari, amma ana ganinsa daga taku ɗaya. A ƙarshe aka shafa wa motar silan, wani ruwan kariya da ya fi waks jure zafi.

Yuli 2024 zuwa Janairu 2025: wanki

An canza wankin gaba ɗaya. Ana fara kwarara ruwa da yawa daga sama, ba a taɓa jiki sai yashin ya gangara. Bokiti biyu ne, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye safar wanki bayan kowane ɓangare. Daga rufi ake saukowa, taya da ƙasan ƙofa suna da nasu soso. A inuwa ake yi kuma a tsane nan da nan da tawul mai tsabta, domin ruwan burtsatse idan ya bushe a jikin baƙar mota yana barin tabo. Ana sabunta silan duk wata uku zuwa huɗu. An daina rufe ta da tamfol idan tana da ƙura, tunda iska na kaɗa shi yana goga yashin a jiki.

Abin da ya fi wuya shi ne hana sharar safe. Sai da mai motar ya zaunar da maigadin ya ce masa: "Baba, don Allah gilashi kaɗai za ka riƙa gogewa. Jikin a bar shi da ƙurarsa har ranar wanki." Ya kuma haƙura da shiga ofis da mota mai ƙura kwana uku a mako a tsakiyar hunturu.

A ƙarshen Janairu 2025 aka duba ta da tocila. Akwai sabbin siraran karce a ƙofar direba kusa da mariƙi, da kan murfin but inda yara ke rubutu da yatsa. A rana ba a ganin saƙar gizo-gizo. Ba a sake ɗora mata inji ba.

Hukunci

Matsalar da motar ta zo da ita a Janairu 2024 ƙarama ce, irin wadda maikiron 3 zai share. Aikin ƙofofin ya nuna mutum zai iya wannan a gida, idan fentin na kamfani ne, karcen na ɓacewa a ruwa, injin DA ne, kuma ya yarda ya ba da Asabar uku. Kuɗin inji da kaya ba su da nisa da kuɗin ƙwararre na aiki ɗaya, don haka wanda zai yi sau ɗaya ya ajiye inji bai rage komai ba. Ribar tana wajen mai mota fiye da ɗaya, ko mai niyyar riƙe ta shekaru.

Abin da ƙwararren ya fi mai motar da shi ba sheƙi ba ne, domin a ido aikinsu ya zo kusa. Awo ne, da sanin inda za a tsaya. Ba don na'urar ba, babu yadda za a san bonet ya sauka zuwa 83, ko a san ƙofar dama tana da fila. Motocin Kwatano da yawa an taɓa musu wani ɓangare, saboda haka ko mai niyyar yi da kansa ya kamata ya biya kuɗin awo da gwaji tukuna. Idan kuma an riga an bi mota da rotari ko kamfawun ba a san abin da aka ci ba, gida ba wurinta ba ne.

Ɓarnar da ba ta gyaruwa a rana biyu aka yi ta, 16 ga Maris da 6 ga Afrilu, kuma ta biyun ta fi muni, alhali kuɗi aka biya aka ce an kai wa mai sana'a. Riƙe inji ba ya nuna ƙwarewa. Kafin a miƙa mukulli ya kamata a tambaya ko yana auna fenti, ko zai yi gwaji a ƙaramin wuri, ko zai goge da IPA a duba tare a rana kafin ya shafa mai. Mai bofin na Afrilu da bai tsallake ko ɗaya ba.

Rufi da ƙofofi suna da sauran kiliyar da za ta ɗauki gogewa mai sauƙi sau biyu ko uku nan gaba. Bonet ba shi da ita. Silan ne kaɗai zai riƙa hawa kansa, kuma ranar da tsakiyarsa ta fara fari, feshi ne.